Laimar da Ba Ta Je Mars Ba

Ranar Asabar ɗin nan da kuka cika mini shago a La Courneuve, nan gefen Paris, kuka haɗa kai a kan waya ɗaya kuna kallon yadda motar bincike ta sauka a duniyar Mars, na ji abin da Nasiru ɗan ƙanwata ya faɗa. Ya ɗauka ƙarar keken ɗinki ta toshe mini kunne. Cewa ya yi, yana nufin ni kawunsa: "Tonton wai shi ma ya yi aikin espace. Laima fa kawai ya ɗinka, c'est tout. Ordinatar ke yin komai." Kuka fashe da dariya, wai ni da aikin sararin samaniya. Ban tanka ba, don mai wandon da nake rage wa ƙafa yana tsaye a kaina yana duba agogo. To yanzu na sami sarari, kuma tunda ba ku iya zama ku saurari babba har ya kai ƙarshen magana, na rubuta muku.

Ku fara sanin abin da kuke wa dariya. Jirgin da ke ɗauke da motar yana faɗawa cikin iskar Mars da gudun da ya fi na harsashi, iskar can kuma ba ta da kauri, ba ta tare abu kamar tamu. Saƙo daga can zuwa nan yana cin mintoci. Kafin injiniyoyi su ji cewa an fara sauka, an riga an gama, ko dai motar na zaune lafiya ko ta zama tarkace. Ba mai kai mata hannu. A tsakiyar wannan faɗowa ne ake harbo laima daga cikin bututu, ta buɗe kafin ka ƙifta ido, ta fizgi nauyin jirgin gaba ɗaya. In ɗinki ɗaya ya saki, yagewar ba ta tsayawa sai ta kai ƙarshe, na'urar kwamfutar da kuke yabo kuma ta doki ƙasa tare da sauran ƙarafa tana cikin lissafinta. Daga baya ne rokoki ke karɓa su ajiye motar a hankali, amma sai laima ta yi nata tukuna.

Ni daga Damagaram na zo, da hannu mai kyau da kai mai girma. A gida ni ake kawo wa rigar ango, surfanina kuwa har daga ƙauyuka ake bin sa. Da na zo Faransa na sauka a Vénissieux, gefen birnin Lyon, unguwar Minguettes, ina ɗaukar kaya a wani sito, ina jin haushin duniya. A masallacin unguwa na haɗu da Malam Habu, mutumin Maradi, dattijo siriri mai ɗan gemu fari, wanda ya daɗe yana aiki a wani gidan ɗinkin laimomin sauka a bayan gari. Ya kama yatsuna ya jujjuya, ya ga tabon allura, ya ce in zo ranar Litinin.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in haɗa gutsuren nailan biyu da layi ɗaya miƙaƙƙe. Ni da ke zana furanni a wuyan riga! Na taka keke, na gama kafin ya juya, na kai zaren baki na datse da haƙori kamar yadda kowane tela ke yi. Ban san lokacin da ya buge mini hannu ba.

"Nan ba kasuwa ba ce," in ji shi. "Haƙorinka da yawunka ka bar su gida. Zare ba ya shiga baki a wanga ɗaki, ko don ka zura shi ga allura. Kwance ka sake."

Na kwance na sake. Na yi watanni ina kwancewa ina sakewa a kan tsummoki, matan Faransa da ke layin kekuna suna kallona suna murmushi. Sau da yawa na so in jefar da almakashi in koma sito. Abin da ya riƙe ni shi ne na ga ɗinkin Malam. In ka ɗaga shi ga haske, kowane taku daidai yake da ɗan'uwansa, daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan, tebur kuwa dogo ne wanda sai ka ɗaga murya na ɗaya gefen ke jin ka.

Duk abin da tela ya sani a gida, a can haram ne. Ba a sa alli a yi alama. Ba a soka fil a riƙe yadi, don kowace huda ƙofar yagewa ce, sai dai a danne shi da 'yan jakunkuna masu nauyi. Ba a ƙulli. Ba a zuba wa keke mai yadda aka ga dama, kada ɗigo ya taɓa yadi. Nailan da wuƙa mai zafi ake yanka shi don bakinsa ya narke ya rufe, warin kuma ya bi ka har cikin tiram, jirgin titin da muke hawa zuwa gida. Allura ana cire ta tun tana da kaifi a sa sabuwa. Ranar da tawa ta karye a kan wata laimar jefa kayan agaji, aiki ya tsaya cak, duk muka durƙusa da maganaɗisu muna laluben ƙasa, har aka sami ɗan tsinin da ya ɓace aka haɗa gutsattsarin suka cika allura. Ba zobe, ba agogo, farce a yanke. Shekaru na yi a haka kafin Madam Odil, mai gidan, ta yarda in taɓa igiyoyin da ke riƙe nauyi.

Masu sayen kayanmu iri-iri ne. Akwai sojoji, waɗanda ba su cika magana ba, su dai a kawo a kan lokaci. Akwai masu jefa abinci a wuraren yunwa, da masu aika balan-balan sama don auna yanayi. Dukansu in laima ta ba da matsala suna iya dawowa da ita su nuna maka inda ta saki, ka ji kunya, ka gyara. Mutanen sararin samaniya da suka zo daga Paris ba haka suke ba. Kayansu in ya tafi ya tafi. Suna zuwa da gilashin ƙara girma, su wuni a kan ɗinkin da bai kai tsawon hannu ba, su tambaye ka wane zare, daga wane ƙunshi, wace rana aka buɗe shi. Na tsane su da farko. Daga baya na gane ba raini ba ne, tsoro ne, don wasunsu sun riga sun taɓa zama a gaban allo suna jiran saƙon da bai zo ba.

Da suka ba mu kwangilar laimar Mars, Madam Odil ta tara mu ta gaya mana gaskiya. Gidan ya ci bashi ya gina ɗaki na musamman saboda wannan aiki. In ya yi kyau, mun shiga sahun manya. In ya lalace, ba gidan. Ta ce kuma masu aikin ba wawaye ba ne, sun ba wani gida a wata ƙasa irin wannan kwangila, wanda ya kasa a ɗauki na ɗayan. Sannan akwai lokaci. Ba kullum ake tashi zuwa Mars ba, sai ta matso kusa da mu, in ka rasa wannan damar sai ka jira shekara biyu da wani abu. Laima biyu za mu ɗinka iri ɗaya, wadda za ta tafi da wadda za a ajiye ko da tsautsayi.

Sabon ɗakin shi suke kira sal bulansh, ɗakin da ƙura ba ta shiga. Kafin ka shiga sai ka rufe jikinka daga kai har ƙafa, ka sa takunkumi, ka sa safar hannu, mai gemu ya sa wa gemunsa jaka. Mun yi wa Malam Habu tsiya a kan wannan jaka har ya gaji da mu. Dalilin duk wannan wahala, wata mata ce daga ɗakin gwajinsu na Paris ta bayyana mana. Motar za ta je neman alamar rai ne a Mars. In muka aika ƙwayoyin halittar jikinmu tare da ita, wata rana za a tono su a can a yi shela an sami rai, alhali namu ne muka kai. Don haka bayan ɗinki ake sa laimar a tanda a gasa ta har komai ya mutu. Yadi kuma ba ya son wuta. An auna iyakar gashin da zai ɗauka bai yi rauni ba, laimominmu biyu kuwa sun cinye rabonsu, don bayan gashin farko an ɗan yi musu gyara aka sake gasawa. Ba sauran dama.

Naɗi shi ne aiki na ƙarshe, kuma Malam ne shugabansa. Ana shimfiɗa laimar a kan tebur, a jera igiyoyi kada ɗaya ta hau kan wata, a ninke fanni bayan fanni, sannan injin matsi ya danne ta cikin jaka har ta yi tauri kamar itace. Kwanaki ake yi ana wannan, bayanka na ciwo, gumi na bin ƙashin bayanka cikin rigar leda, ba damar ka sosa hanci. Tun kafin in zo gidan, al'ada ce in an zo rufe tsakiyar laima, inda fannonin suka haɗu, kowa ya ja da baya a bar Malam shi kaɗai. Ya sunkuya, ya ba mu baya, ya ɗan jima, sannan ya ɗago ya ce a danne. Mun ɗauka duban ƙarshe yake yi. Mun naɗe laimar ajiya da farko, aka goga auduga a wasu sassanta aka kai gwaji, ta fito tsaf. Da muka zo kan wadda za ta tafi, matar ɗakin gwajin ta zo da kanta, kuma bayan Malam ya ɗago, a daidai tsakiyar ta goga audugarta.

Bayan 'yan kwanaki aka kira mu Paris. Muka hau jirgin ƙasa da safe cikin sanyi, Madam Odil da Malam da ni. An tafi da ni ne don Faransancin Malam na aiki ne kawai, in magana ta yi tsawo sai ya ɓace. Duk hanya yana jan carbi yana kallon gonaki ta taga. Ni ban san komai ba, na ɗauka gajiya ce.

A ofishinsu aka zaunar da mu gaban dogon tebur, injiniyoyi a ɗaya gefen. Matar ta nuna hoton wani faranti da ɗige-ɗige suka tsiro a kai, ta yi bayani a hankali. Malam ya taɓa ni.

"Laminu, mi ta ce?"

"Ta ce sun sami ƙwayoyin bakin mutum a tsakiyar laimar, Malam. Suna tambaya ko takunkumin wani ya yage, ko wani ya yi atishawa."

"Ba wanda nashi ya yage. Ni na janye nawa. Hwaɗa musu."

Na dube shi.

"Addu'a na tohwa mata," in ji shi. "Abin da za shi tahiya inda ba mai kai mishi hannu, in sake shi hakanan kamar ba shi da kowa?"

A nan na tuna. Sau nawa na gan shi a gidansa gab da Salla, in ya gama rigar yaro, ya karanta abin da zai karanta ya ɗan tofa a wuyanta kafin ya ninke. Duk dattijon da ya rene mu haka yake yi wa abin da zai yi nisa, ko ɗa ne ko kaya. Mutumin da ya buge mini hannu don na kai zare baki! Amma a wurinsa wancan yawu ne, ƙazanta, wannan kuwa addu'a ce. Bai taɓa haɗa su a ransa ba, ni ma ban haɗa ba.

Na fassara. Matar ta nemi in bayyana mata mene ne tofi, na bayyana iyakar iyawata. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce kakarta ma ba ta yanka burodi sai ta yi masa alamar addu'a, ta fahimta, amma laimar nan ba za ta tafi ba. Sai babbansu ya ce ba komai, akwai ta ajiya, gwajinta ya fito da kyau. Tambaya ɗaya ta rage. Madam Odil ce ta riga shi yin ta, ta juyo ga Malam.

"Une seule fois, Habou? Wannan karon kaɗai ne, ko?"

Duk wanda ke ɗakin ya san amsar da take roƙo. Ba wanda ya goga auduga a tsakiyar ta ajiya, kuma yanzu tana dunƙule cikin jakarta, buɗe ta ma ɓata ta ne. Kalma ɗaya ta ishe mu. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce da Hausa: "Malam, don girman Allah ka ce sau ɗaya. Ka dubi mutanen da ke ci a gidan nan."

Bai ko kalle ni ba. "In tohwa sunan Allah bisa abu, sannan in ruhe shi da ƙarya? Hwaɗa musu duka biyun. Hwaɗa musu tun da na shiga gidan, ba laimar da ta hita ban tohwa mata ba. In ka sake mini magana, ni hwaɗa da ɗan Faransancin nawa."

Na faɗa musu yadda ya faɗa. Madam Odil ta sa hannu biyu ta rufe fuska.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Ba za a iya sake gasa su ba, ɗinka sababbi kuma ba zai riski lokacin tashi ba, sai aka ɗauki na wancan gidan. An sallami Malam a kan babban laifin aiki, yana gab da ritaya. Labari ya bazu cikin masu sana'ar. Sojoji, waɗanda tofi bai taɓa cutar da kayansu ba, suka fara tambayar wane abu kuma ake yi a gidan nan a bayan idon mai shi, suka janye. Bashin sabon ɗaki yana nan yana jira. Matan da muka yi shekaru muna cin abincin rana tare suka daina amsa gaisuwata a tiram, ɗaya ta ce a gabana ai dama baƙaƙe da tsafe-tsafensu. A masallaci kuma wasu suka mai da Malam gwarzo, wai ya tsaya wa addini a gaban Turawa, shi kuwa in ya ji haka sai ya ɗauki takalmansa ya fita. Ni zan gaya muku abin da na gani, ko da yana mini ciwo. Injiniyoyin nan suna da gaskiya. An yi mana bayani dalla-dalla, da Malam a zaune. Na yi fushi da shi sosai, har yau wani lokaci in na tuna fushin na dawowa. Amma in da ya bi shawarata, da ban ƙara iya kallon idonsa ba.

Aikina na ƙarshe a gidan shi ne lalata su. Doka ce a wannan sana'a, abin da aka ƙi ba a ajiye shi, kada wata rana wani ya ɗauka da kuskure, sai a yayyanka shi a gaban shaida. Matan suka ƙi taɓawa. Madam Odil ta miƙo mini almakashi ba tare da ta dube ni ba. Aka zazzage laimomin a kan tebur, ba takunkumi, ba safar hannu, wani mutum daga Paris yana tsaye yana ɗaukar hoto. Na fara daga gefe ina shiga ciki. Na san hannun kowa a jikinsu, nan nawa ne, nan na wance ne, igiyoyin tsakiya kuwa duk na Malam ne. Wuni guda na yi, hannuna ya yi kanta ya fashe. Aka kwashe tsummokin cikin buhuna aka kai ƙonawa. Kafin shekara ta zagayo an rufe gidan an sayar da kekunan, ni na tattaro na taho nan ina rage ƙafar wando ina sa zif.

Kafin in bar Lyon na je sallama da shi. La'asar ce, lif ɗin benensu ya lalace, na hau da ƙafa ina haki. Ɗakin duk kwalaye, ya yanke shawarar komawa gida. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, na tambayi jiki, ya zuba mini shayi. Bai nemi gafarata ba, ni ma ban nemi tasa ba. Ya kurɓi nasa shayin, sannan ya yi magana.

"An ce kai ka yanka su."

"Ni ne, Malam."

"Ɗinkin tsakiya, ya yi maka gardama?"

"Ya yi gardama. Yadin ya yanku, amma naka almakashi ya ƙi cin sa. Sai da aka kawo na yankan waya."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ajiye kofinsa a kan kwali.

"To da ta buɗe," in ji shi. Ya ɗago ya dube ni. "Laminu, da ta buɗe, ko?"

Na ce masa da ta buɗe, Malam. Ban ƙara ganin sa ba. A Maradi aka binne shi, motar tana kan hanya ba ta ma isa Mars ba, ɗauke da laimar wasu.